Harsashin da Ya Yi Tari

Coy ya daɗe yana neman dalilin da zai raba uwarsa da gonar nan, sai tukunyar wake ta ba shi. Uwar, Vernell Stidham, ta ɗora wake ta fita duba famfon da shanu ke sha, ta tarar ya toshe, ta tsaya gyara. Da ta dawo hayaƙi ya turnuƙe kicin, ga kuma a-kori-kurar ɗanta a tsakar gida, shi yana ta buɗe tagogi yana tari. Tukunya ɗaya fa. Amma kun san halin 'ya'yan da suka koma birni: su ƙona tasu tukunyar sau goma a ce aiki ne ya yi musu yawa, tsohuwa ta ƙona ɗaya a ce ai ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa.

Tun daga ranar maganar ɗaki ta taso. Ya gyara mata ɗaki a gidansa na Amarillo, a ƙasa, ba hawa bene, da banɗaki mai maƙalin ƙarfe a bango. Tagar ɗakin tana kallon katangar maƙwabci. Sharaɗin matarsa ɗaya ne, kuma ba za a ce ta yi laifi ba tunda tana da yara ƙanana: bindiga ba za ta shiga gidanta ba.

To a nan ake yin ta. Vernell ta haye saba'in, kuma tun rasuwar mijinta Harlan ita kaɗai ce a gidan, can ƙarshen jihar Oklahoma inda iska ba ta hutawa, inda in ka kira 'yan sandan gunduma sai ka dafa gahawa ka shanye ka wanke kofin kafin ka hango motarsu. Ƙaramar bindigarta ba ta fi tafin hannu ba. Tana cikin kube a ƙugunta na dama, riga ta rufe ta, daga tashi barci har kwanciya. Da ita take zuwa coci ma. Fasto ya sani yana yi kamar bai sani ba, don rabin masu waƙa a bayansa ma haka suke. Sau ɗaya tak ta taɓa nuna wa mutum ita, lokacin da wasu samari biyu suka shigo da rana tsaka suna zuƙar mai daga tankin tarakta. Ba ta zare ba. Gefen riga kawai ta ɗaga ta ce musu sannunsu da aiki, suka bar mata jarkarsu suka yi ta kansu.

Harsashin kanti kuwa ba ya yi mata. Ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsu, in ta harba na kanti sai wuyan hannunta ya kwana yana zogi. Don haka da kanta take ɗura nata, mai sauƙin bugu, a rumfar bayan gida, da injin hannun da Harlan ya ɗaure a kan tebur tun Coy yana rarrafe. Ta tsince kwanson da ta harba, ta wanke, ta jera a faranti mai ramuka, ta auna albarushi ta zuba wa kowane, ta haska fitila ta leƙa cikinsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗora dalma ta danne. In ta gama zubi guda sai ta ɗiga wa gindin kowane harsashi jan farce, kowane zubi da launinsa, don ta san nata a filin harbi, ta kuma san yaushe ta yi shi. Matar da ba ta taɓa shafa jan farce a yatsanta ba tana da kwalabensa kala-kala, har yarinyar kantin magani tana ce mata 'yar gayu.

Rumfar tana da doka, kuma ba Vernell ta ƙago ta ba, duk mai ɗura harsashi a wajenmu ya san ta. In an rufe ƙofa, ba a yi wa na ciki magana. Harlan kan ce ko gobara ce a ƙwanƙwasa sau ɗaya a jira. Dalilin a fili yake: hankalinka ya ɗauke na ƙiftawar ido, sai ka tsallake kwanso ɗaya, ko ka zuba wa ɗaya sau biyu. Na farko ya bar ka da bindigar da ba ta harbi, na biyu ya raba ka da yatsu.

Da Coy ya matsa mata a kan tukunyar, ran tsohuwa ya ɓaci, ta yi maganar da ta fi ƙarfin bakinta. Ta nuna rumfar ta ce masa wake ba aiki ba ne, aiki yana can. Ranar da ta yi kuskure a kan teburin can, da kanta za ta haɗa kayanta ta bi shi, ba sai ya roƙe ta ba. Coy ya ce ya ji, ya kuma riƙe.

Bai fasa zuwa ba, kusan kowane ƙarshen mako yana hanya. Wata Juma'a da la'asar ya iso ya tarar da ƙofar rumfar a rufe. Yaron da ya tashi a gidan nan, wanda ya sha ranƙwashi a kan ƙofar nan, sai ya tura ta kawai ya shiga da wayarsa a hannu, wai yana so ya nuna mata hoton labulen da aka sa a ɗakinta. Tana tsakiyar zuba albarushi. Ba ta ɗago ba ta ce ya fita. Ya ce minti ɗaya kawai, Mama. Ta ce ya fita. Ya ce ai abin da ake faɗa ke nan, mutum ya taho tun daga wata jiha amma kwanson tagulla ya fi shi daraja. Nan ta juyo, suka yi ta yi. Ya tuna mata hawan jininta, ta tuna masa wanda ya share masa majina. Da ya fita ya bugo ƙofa, ta koma kan faranti a fusace. Abin da ya kamata shi ne ta juye albarushin duka ta sake daga farko, ta sani sarai. Amma zuciya ta ɗebe ta. Ta haska fitila sama-sama, ta ƙarasa, ta ɗiga musu ja.

Washegari Asabar, ranar filin harbi ce. Filin ba wani abu ba ne, tsohon ramin da aka haƙi tsakuwa ne, da rumfar kwano da farantan ƙarfen da ake harbi a jere. Mai kula da shi Odell Pruitt, tsohon abokin Harlan, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma abin da ya ga dama yake ji. Coy ya ce zai raka ta. Ta san ba rakiya ba ce, ido ya zo sa mata, ta ce ya taho ya ga yadda ake yi.

Odell yana hango su ya fara. Ya ce yau tsohuwa da ɗan rakiya ta zo, ko a kawo mata kujera ne? Ta ce ya ajiye kujerar, shi zai buƙace ta in ya ga abin da za ta yi wa farantansa. Ya ce wa Coy uwarsa ta fi shekara talatin tana sace masa kwanso a filin nan. Ta ce wanda bai iya sunkuyawa ba ai ba shi da kwanso.

Ta zare gidan harsashin da take yawo da shi, masu shuɗin ɗigo da ta ɗura tun kafin zafi ya shigo, ta fitar da na cikin bindigar, ta zuba su a aljihun riga. Ta cika wani da jajayen jiya. Ta toshe kunne, ta gyara tsayuwa. Faranti na farko ya yi ƙara ya kwanta, na biyu ya bi shi, na uku ma. Tana jin idon ɗanta a ƙeyarta, tana kuma jin daɗin abin har cikin ranta. Ta ja kunama a karo na huɗu, sai bindigar ta yi wani ɗan tari, fut, kamar an buɗe kwalbar lemo. Hannunta bai ji bugu ba.

Da wani saurayi ne, da ya ja baya ya sake ɗanawa ya harba, kuma da an kwashi yatsunsa a ƙasa. Vernell ta cire yatsa daga kunama, ta zare gidan harsashi, ta buɗe bindigar ta ajiye bakinta yana kallon tudu. Odell, mai kunnen da ba ya jin sallama, ya ji wannan. Ya taho da siririyar sandar tagulla ya zura ta baki, sandar ta tsaya a rabi. Dalma ce ta maƙale a ciki. Ya ɗan bubbuga ta faɗo a tafin hannunsa. Bai yi zolaya ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Coy ya tambayi abin da ya faru. Odell ya dubi Vernell, don ba shi zai faɗa ba. Ita ta faɗa, da bakinta: babu albarushi a cikin wancan, ta tsallake shi.

Suka kamo hanyar gida a mota. Shi yana tuƙi yana haɗiye maganar da ke cinsa, ita tana kallon shingen waya yana wucewa. Tsoro ne ya cika ta, ba za a ɓoye ba, irin tsoron da bai kama ta ba ranar samarin nan. Suna isa ta wuce rumfa kai tsaye, ta bar ƙofar a buɗe ta ce ya shigo, yau an yarda ya yi magana.

Ka'ida ce: in harsashi ɗaya ya yi tari, duk zubin ake warwarewa, don albarushin da bai shiga wannan ba wataƙila yana cikin ɗan'uwansa. Ana yin aikin da wata gudumar roba mai rami. A sa harsashi a ciki, a maka ta a kan kututture har dalma ta fice, albarushi ya zubo, a duba. Ga mai lafiyar hannu ma aiki ne mai gajiyarwa. Coy ya ce ta kawo ya yi. Ta ce wanda ya ɗura shi ke warwarewa.

Ta yi ta bugu. Kowane bugu sai ta ji shi har kafaɗa. Ta juye a ɗan kaskon sikeli, ta duba, ta ajiye, ta ɗauki wani. Wuyan hannunta ya fara kumbura tana gani. Ta ci fiye da rabin zubin, sai ga ɗaya ya zubo da tulin da ba sai an auna ba, ninki biyu ne. Ta tura kaskon gabansa. Ta ce ga wanda ya ci rabon ɗan'uwansa, kuma a layin da take ke nan lokacin da ya shigo da labulensa.

Fuskar Coy ta sauya. Mutum ne mai taurin kai, gado ya yi, amma ba azzalumi ba ne. Ya zauna a kan bokiti ya dafe kai. Ya ce da wannan ta fara harbawa fa? Ya ce laifinsa ne, ya san dokar ƙofar nan tun kafin ya san karatu. Ya ce ta yafe masa, maganar alkawari kuma a bar ta, wannan ba ya cikin lissafi. Ya tashi ya ce bari ya ɗora musu gahawa.

Ta bi bayansa da kallo har ya shige kicin. Ta ci nasara ke nan, gonarta ta tsira, har wani sanyi ta ji ya sauka a ƙirjinta. Ta ƙarasa jajayen, duk lafiya lau. Ta sa hannu a aljihu za ta mayar da masu shuɗin ɗigo cikin bindiga, sai ta tsaya. Babu dokar da ta ce a taɓa su, zubinsu daban. Ranar da ta ɗura su ba kowa a gonar sai ita da shanu, ƙofa a rufe, rai a kwance. Ta juya ɗaya a yatsunta, wanda ta fitar daga cikin bindigar, shi ne zai fara fita in rana ta ɓaci. Guduma tana hannu, kuma Vernell ba ta iya barin abu a rabin sani ba. Ta sa shi ta buga.

Dalma ta faɗo cikin kasko. Ta jijjiga gudumar. Ta leƙa kwanson, ta haska fitila, ta ƙwanƙwasa shi a kan tebur. Ko ƙwaya ɗaya babu.

Ta daɗe a tsaye. Wata da watanni ke nan tana yawo da wannan a ƙugu, ta je coci da shi, ta fita da shi duba shinge can inda ko ihu ka yi ba mai ji, tana taƙama, ashe da dutse ta ɗauka da ya fi. Kuma babu wanda ya shigo mata da waya ranar nan. Ta nemi wanda za ta ɗora wa ta rasa. Ta warware sauran shuɗayen da sauri kamar mai neman shaida, duk da albarushinsu daidai, amma wannan bai goge komai ba. Daga kicin tana jin ƙarar cokali a kofi. Kwandon shara yana gefen ƙafarta, kwanso ɗaya ne, in ta sake shi ciki har abada ba mai sani.

Coy ya shigo da kofi biyu ya tarar ta share tsakiyar teburin, ta tsayar da kwanson shi kaɗai, gindinsa a sama.

"Wane launi ka gani?" in ji ta.

"Shuɗi."

"Ba ka nan na ɗura shi. Babu komai a ciki. Shi ne a bakin bindigata tun bazara."

Ya ajiye kofunan a hankali. Ya dubi kwanson, ya dube ta. Ta ga tausayi yana taruwa a idonsa, abin da ta fi tsana ke nan a duniya. Ya ce da bai sani ba ai da ba zai taɓa sani ba, me ya sa ta nuna masa? Ta ce don ba za ta zauna a gidanta kamar ɓarauniya ba, tana ɓoye-ɓoye a rumfar mijinta. Kuma ba za ta bar shi ya koma Amarillo da laifin da rabinsa ne kawai nasa ba.

Ya ce a tausashe, "To Mama, ke kika faɗa. Kin ce da kanki za ki haɗa kaya."

"Na faɗa. Na fasa."

"Haka kawai?"

"Haka kawai. In kana da alƙalin da zai ɗauke ni, je ka kawo shi, ka ce ya taho da igiya."

Ta ce a kan injin ne ta yi kuskuren, injin ne zai tafi. Ya sa shi a mota yau ɗin nan, da sikelin da albarushin da komai, ya kai wa Odell ya ba wanda idonsa da hankalinsa ke tare. Kada ya bar mata ko mazurari, don ta san halinta, in abin yana nan wata rana za ta ce bari ta gwada kaɗan. Bindiga kuwa tana nan a inda take. Za ta sayi na kanti. Ya ce na kanti ai kashe mata hannu yake yi. Ta ce hannun nata ne.

Nan Coy ya fashe. Ya ce yau kwanso ne, gobe fa? In murhu ne da dare? In ta sha maganinta sau biyu kamar yadda ta zuba albarushin nan? In ta faɗi a bayan garke ba wanda ya sani sai ungulu sun nuna wurin? Ya ce ita ba ta san yadda yake kwana ba, duk wayar da ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. Hawaye yake yi sosai, ƙaton mutum mai furfura a gemu.

Ta so ta rungume shi, Allah ya sani ta so. Amma ta san in ta taɓa shi yanzu, kafin magariba tana cikin motarsa. Ta riƙe gefen tebur.

"Duk abin da ka lissafa zai iya faruwa," in ji ta. "Ban ce ba zai faru ba. Yau na ga abin da na gani, ba sai an faɗa min ba. Amma in zai same ni, ya zo nan ya same ni, a tsaye, da takalmina a ƙafa. Ba zan je in zauna ina kallon katangar wani ina jiran sa ba. Ka ji tsoronka, Coy, ni ma ina jin nawa. Kowa ya riƙe nasa."

Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta sifana, yana rataye a bayansa.

Ƙusoshi huɗu ne suka riƙe injin a teburin, kuma tun da Harlan ya ɗaure su ba a taɓa kwance su ba, tsatsa ta haɗe su da katako. Ta durƙusa da ƙyar ta kama na farko. Ta murɗa, bai motsa ba. Ta sake, sifanan ya kuɓuce daga kumburarren hannun ya faɗi ƙasa. Coy ya sunkuya zai ɗauka, ta buge masa hannu kamar yana ɗan shekara biyar. Ta ɗauka da kanta, ta kama da hannu biyu, ta tokare ƙafa a jikin tebur, ta saki dukan nauyinta a kai tana cije leɓe. Ƙusar ta yi ƙara ta juya.

Ta numfasa, ta goge ido da kafaɗar riga ba tare da ta dube shi ba.

"Riƙe min fitila," in ji ta. "Saura uku."